Ɗakin maijego da lagireton da ya ƙi ɗumi

Ƙarfe biyu da wani abu na dare saƙon maijego ya shigo wayata, ina kwance a ɗakin sama: "Abban yara, sauko ka ji ɗakin nan." Na sauko na yi sallama a bakin ƙofa. Hajiya surukata tana zaune a bakin gado da rigar sanyi biyu da mayafi, ta rungume jaririn a ƙirji. Na haska ɗan ma'aunin zafin da muka ajiye a kan durowa, ya nuna digiri 12. Ungozomar da ke zuwa gida ta riga ta gaya mana ɗakin jariri tsakanin 16 da 20 ake so ya tsaya. Na sa hannu a jikin ƙarfen ɗumama ɗakin da ke ƙarƙashin taga, na ji shi kamar randar da ta kwana a tsakar gida cikin hunturu.

Sati na biyu ne na Disamban 2022, a Biradfod da ke arewacin Ingila, kwanan yaron 16 a duniya. Sanyin da ya sauko a kwanakin nan ko 'yan gari sun yi ta maganarsa. Dare ya yi sai a faɗa ƙasa da sifili, da safe ka tarar da gilashin mota ya yi fari fat, rana kuma kafin ƙarfe huɗu ta faɗi. Gidan da muke haya irin tsofaffin gidajen dutsen nan ne da ke jere jikin juna, waɗanda aka gina tun zamanin da garin ke cin abinci da masaƙun ulu. Hawa uku ne idan an haɗa da ɗakin da ke ƙarƙashin rufi.

Mu a gida hita muke ce wa ƙarfen nan. Ranar da Hajiya ta iso daga Katsina ta ji sunansa na Turanci, sai ta ce, "Au, ashe lagireto ne, irin na mota?" Gaskiyarta kuwa, aikinsu ɗaya ne: ruwan zafi ya ratsa ta cikin ƙarfe, ƙarfen ya saki zafin a iska. Tun daga nan sunan ya bi shi a gidanmu. Uwar tafiyar ita ce boila, tana maƙale a bangon kicin kamar ƙaramin kabad. Ita ke ƙona gas ta dafa ruwa, wani ɗan inji a cikinta ya tura ruwan ta bututun tagulla a ƙarƙashin daɓe, ya shiga kowane lagireto ta gefe ɗaya, ya fita ta ɗaya gefen, ya koma a sake dafa shi. Ruwan nan ɗaya ne yake ta kewaye a rufe, shekara da shekaru. Shekararmu biyu a gidan, amma iyakar sanina da ita a lokacin shi ne a murɗa ma'aunin da ke bango, gida ya yi ɗumi.

Hajiya ce ta fara kawo shawara. Ba ta dube ni ba, ta ce, "Malam, na ga buhun gawayi a bayan gida. Ko a ɗan hura a kasko a shigo da shi, kafin gari ya waye?" Ragowar gawayin da muka gasa nama da shi ne da bazara. Na san daga ina maganar ta fito, domin haka aka yi jegonta, haka ita ma ta yi wa 'ya'yanta, maijego ba ta rabuwa da wuta. Na durƙusa na ce, "Hajiya, a gafarce ni, ɗakin nan ba irin namu ba ne. Tagar nan gilashi biyu ce an liƙe ta da roba, babu inda iska ke fita. Gawayi yana fitar da wata iska da ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ke cikin hayaƙin janareta." Ina ambatar janareta ta yi shiru, don ba wanda bai taɓa jin labarin gidan da aka kwana da shi a rufe aka wayi gari da gawarwaki ba. Ta ce, "Allah ya tsare. A bar shi." Daren nan a ƙaramin ɗakin 'yarmu suka ƙarasa kwana su huɗu, ɗakin da gado ɗaya ya kusa cike shi, amma lagiretonsa zafi zau.

Ƙarfe tara na safiyar Juma'a na kira ofishin da ke kula da gidan. Matar da ta ɗauka ta tambaye ni ko boila na aiki, na ce tana yi. Ruwan zafi fa? Akwai. Sai ta ce to wannan ba ya cikin na gaggawa, masu gyara duk sun fita gidajen da boilarsu ta mutu ɗungurungum, sai Alhamis mai zuwa. Na ce mata akwai jariri ɗan sati biyu. Ta ba ni haƙuri, ta ce za ta rubuta. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin dokar haya ta 1985, a sashe na 11, ta ɗora wa mai gida gyaran kayan ɗumama ɗaki da na ruwan zafi, ba alfarma yake yi wa ɗan haya ba. Na bi kiran da wasiƙa ta imel don a sami shaida a rubuce. Amma wasiƙa ba za ta ɗumama ɗaki kafin dare ba.

Na yi lissafin hitar lantarki. A lokacin kuɗin wuta ya yi tashin gwauron zabi, har gwamnati ta shigo ciki daga Oktoba ta tsayar da farashi yadda matsakaicin gida zai biya wajen fam 2,500 a shekara. Ma'auni ɗaya na lantarki, wato kilowat ɗaya na tsawon awa guda, kwabo 34 ne na kuɗinsu a lokacin, na gas kuwa kwabo 10 da ɗoriya. Hita mai kilowat 2 kenan za ta ci kwabo 68 duk awa, a ɗaki ɗaya tak. Na aro ɗaya duk da haka. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wani ɗan baƙin tabo da na gani a kusurwar tagar ɗakin. Ɗaki in ya yi sanyi ana numfashi a ciki ana shanya kaya, raɓa takan kwanta a bango, fumfuna ta biyo baya. Ko wata guda ba a yi ba da aka gama binciken mutuwar Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu a garin Rocdel na nan Ingila, wanda iyayensa suka zo daga Sudan, aka tabbatar fumfunar gidan da suke haya ce ta lalata masa numfashi har ya rasu a Disamban 2020. Hotonsa bai bar idona ba.

Bayan an idar da sallar Juma'a na tari maƙwabcinmu, wani dattijo da ya zo daga yankin Mirfur na Kashmir ɓangaren Pakistan tun yana saurayi, ya yi aikin masaƙa, daga baya ya koma gyaran injuna har ya yi ritaya. Yaran layin Ankul suke ce masa, ni kuwa Baba nake ce masa. Na kwashe labari na gaya masa. Ya ce in ba shi minti goma ya ci abinci. Da ya zo, ba akwatin kayan aiki a hannunsa, sai wani ɗan makullin tagulla da bai kai tsawon yatsa ba, da tsohon tawul a kafaɗa.

Ya ce, "Ɗana, kunna ɗumin, ka buɗe kowanne har ƙarshe, mu sha shayi. In an yi rabin awa sai mu bi su da hannu."

Haka muka yi. Lagireto bakwai ne a gidan, kowanne ya sa ni in shafa sama, in shafa tsakiya, in shafa ƙasa, sannan in kama bututun da ke gefe da gefe. Na kicin da na koridor ba a iya barin hannu a kansu don zafi. Na banɗaki da na ƙaramin ɗaki lafiya lau. Na ɗakin sama ƙasansa da zafi, samansa sanyi ƙalau, har kana iya nuna layin da zafin ya tsaya. Babban na falo akasin haka ne: sama da gefuna da zafi, amma ƙasa ta tsakiya akwai wani wuri mai sanyi kamar tudu. Na ɗakin maijego kuwa babu ɗumi ko'ina. Ni da a ganina matsala ɗaya ce, boila ta gaza. Baba ya ce a'a, ciwo uku ne daban-daban, kuma boilar ba ta da laifi a ko ɗaya. Mai sanyi a sama iska ce ta taru ta hana ruwa hawa. Mai sanyi a ƙasa laka ce ta kwanta. Mai sanyi gaba ɗaya kuwa ruwa ne ba ya shiga sam, sai an nemo abin da ya tare shi.

Da iskar muka fara. Muka kashe ɗumin, muka jira ƙarafan suka huce, domin in injin na tura ruwa iskar ba ta tsayawa wuri ɗaya, ruwan kuma zai iya ƙona mutum. A kusurwar sama ta kowane lagireto akwai wani ɗan noti mai kai murabba'i, shi ne makullin nan ke shiga. Baba ya ce a fara daga hawan ƙasa a ƙare a sama, tunda iska sama take gudu. Na ƙasan duk ina murɗawa ruwa ke fitowa, in mayar in rufe. Da muka kai ɗakin sama na tara tawul, na murɗa hagu kamar kwata. Sai ji na yi shuuu, kamar an cire bawul ɗin tayar keke. Baba ya riƙe min hannu, ya ce kar in ƙara, in notin ya fita gaba ɗaya ruwa zai yi tsartuwa, mayar da shi kuma sai an sha wuya. Iskar ta fi minti guda tana fita, da wani wari kamar na tsohuwar rijiya. Daga nan ta fara tofi, sai ga ruwa baƙi-baƙi ya biyo. Na murɗa dama na rufe, ban matse da ƙarfi ba.

Muka sauko na kunna, boila ta ƙi tashi. Wata lamba ce kawai ke ƙiftawa a fuskarta. Gabana ya faɗi. Da safe ɗaki ɗaya ne ba ɗumi, yanzu ga gida gaba ɗaya ba ɗumi ba ruwan zafi, ga la'asar ta yi, ga wankan maijego na yamma. Baba bai ko girgiza ba, ya nuna min wani ɗan agogo mai allura ɗaya a gaban boilar. Ya ce wannan matsin ruwan da ke cikin bututu yake nunawa, in gida a sanyaye yake tsakanin 1 da 1.5 ake so allurar ta zauna. Tamu ta faɗo ƙasa da rabi. Gurbin da iskar ta bari ruwa ne ya cike shi, matsin ya sauka, boila kuma an yi ta ne ta kashe kanta in ruwa ya yi mata kaɗan. Ya ce da mun duba agogon tun farko da mun san za a yi haka.

A ƙarƙashin boilar akwai wani gajeren tiyo mai launin azurfa kamar an yi masa kitso, da ɗan famfo a kowane bakinsa. Shi ke haɗa ruwan gari da ruwan ɗumama gida. Na buɗe na farko, na soma buɗe na biyu a hankali, na ji ruwa na shiga, idona na kan allura. Tana hawa sannu-sannu har ta wuce 1 da kaɗan, na rufe su duka biyun. Baba ya sa na sake taɓa su don in tabbatar sun rufu, ya ce in aka bar su a buɗe matsin zai yi ta hawa, in ya kai 3 wani bawul na tsaro zai buɗe ya riƙa zubar da ruwan ta bayan gida. Na danna maɓallin sake tayarwa, boila ta yi ɗan gurnani ta kama. Na yi hamdala a fili.

A nan ne ya dafa murfin boilar ya ce min iyakarmu kenan. Tiyon nan da maɓallan gaba na mai gida ne da ɗan haya, amma abin da ke bayan murfin na mai lasisi ne kaɗai. A ƙasar nan ba a taɓa aikin gas sai wanda ke cikin rajistar Gas Safe, wadda ta fara aiki a 2009, kuma duk shekara wajibi ne mai gidan haya ya kawo irinsu su duba. In kuwa an ji warin gas, a buɗe tagogi, kar a taɓa makunnin wuta, a fita a kira 0800 111 999. Na rubuta lambar na liƙa a jikin firji, na karanta wa maijego.

Na ɗakin sama ya ɗau zafi har bakinsa cikin minti goma sha biyar. Na ɗakin maijego yana nan jiya i yau. Da ma da muka buɗe notinsa ruwa ne ya fito nan take, wato ba iska ba ce. Baba ya tsuguna da ƙyar, gwiwarsa na damunsa, ya ce in kama bututun da ke fitowa daga daɓe. Da zafi. Ya ce in matsa hannu gaba, in wuce bawul ɗin. Sanyi. Tsakanin zafin da sanyin bai fi faɗin yatsa uku ba. Ruwan ya zo har bakin ƙofa, ƙofar ce a rufe.

Bawul ɗin irin mai farin kai ne na roba, da lambobi daga sifili zuwa 5 da alamar ƙanƙara. Da ina ɗauka lambobin ƙarfin wuta ne kamar na risho. Ashe zafin iskar ɗakin yake aunawa. A cikin kan akwai wani abu da ke kumbura in ɗaki ya yi ɗumi, sai ya danna wata 'yar siririyar ƙusa ƙasa ta tsayar da ruwa, in ɗaki ya huce ya sake ta, sifirin ya ɗago ta ruwa ya wuce. Lamba 3 wajen digiri 20 take nufi, kuma kai shi 5 ba ya sa ɗaki saurin ɗumi. Baba ya tambaye ni yaushe rabon a buɗe wannan. Sai a lokacin na tuna: kafin haihuwa ɗakin ajiyar kaya ne, tun watan Afrilu na murɗe shi zuwa sifili don a rage kuɗin gas. Wata bakwai ƙusar na danne, ta maƙale a wurin.

Akwai zoben ƙarfe a ƙasan kan robar, na kwance shi da hannu, kan ya fita, ko ɗigon ruwa babu. Ga ƙusar nan ta nutse, ɗan kanta kawai ake gani. Na miƙa hannu zan ɗauko filaya in fizgo ta, Baba ya ce kul, in ka ja ta da ƙarfi za ta iya fitowa gaba ɗaya ruwa ya biyo ta. Ya sa na ɗiga mata ɗan mai, na ɗauki sifana na riƙa ƙwanƙwasa gefen tagullar a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar mara lafiya, sannan in danna ƙusar da bayan cokali in saki. Na yi ya fi sau ashirin ba ta motsa ba. Hajiya na tsaye daga bakin ƙofa tana jan carbi. Can sai na ji ƙas, ƙusar ta ɗago da kanta. Na danna ta nutse, na saki ta dawo. Bututun ya fara 'yar ƙara tik, tik, tik, zafi ya soma rarrafowa daga kusurwar ƙarfen. Na kasa ɗauke hannuna daga wurin.

Da magariba kuma sai duk lagireton gidan suka yi sanyi lokaci guda, na wajen minti ashirin, sannan suka dawo. Na sake shiga damuwa har sai da na lura da lokacin. Daidai sa'ar da Hajiya ke tara ruwan wanka ne a manyan bokitai biyu. Irin boilarmu, wadda suke kira kombi, ba ta da tankin ajiya, kuma ba ta yin aiki biyu a tare: da an buɗe famfon zafi sai ta saki ɗumama ɗaki ta koma kan famfon. Wankan jego safe da yamma kuwa ba ƙaramin ruwa yake ci ba. Wannan ba lalacewa ba ce. Muka koma kunna ɗumi awa guda kafin wanka, yadda maijego za ta fito ta tarar da ɗaki ya riga ya ɗauka.

Duk da haka ɗakin bai wuce digiri 15 ba a daren. Lagireton ya yi ɗumi, amma ɗumin ruwan alwala, alhali na kicin kamar ya gasa burodi. Wannan ya cinye min ranar Asabar ɗungum, kuma shi ne aikin da na fi jin daɗin koyo.

Duk wanda ya taɓa ban ruwa a gonar rani a Kura ko Kadawa ya san yadda ake yi. Mai gonar da ke bakin kwata in ya wangale tasa hanyar, na ƙarshen layi sai dai ya ga laima. Sai na gaba ya rage bakinsa ruwa ke isa ga na baya. Haka abin yake a nan. A ɗaya gefen kowane lagireto akwai bawul na biyu da aka rufe da 'yar hular roba marar lamba, ba a yi shi don a riƙa murɗawa kullum ba, aikinsa raba ruwa tsakanin ɗakuna. Da na cire hulunan na duba, na tarar duk a wangale suke har ƙarshe. Ruwan zafi na fitowa daga boila sai ya bi gajeriyar hanya, ya ratsa na kicin da na koridor ya koma, na nesa su sami saura.

Na ɗauko takarda da biro. Kafin in taɓa kowanne sai na ƙirga juyi nawa yake kai shi rufewa na rubuta, don in abin ya ƙi in iya mayar da shi yadda na same shi. Na bari gida ya huce, na kunna, ni da 'yata muka bi ɗakuna a guje muna taɓa bututu don mu ga wanne ke fara zafi. Na kicin ne na ɗaya, sai koridor, banɗaki, ƙaramin ɗaki, falo, ɗakin sama, na maijego a ƙarshe. Na rufe na kicin ruf, na buɗe shi kwata kawai. Na koridor ɗan fiye da haka, na banɗaki rabi, haka dai ina ƙarawa, na ƙarshen na bar shi a wangale. Masu aikin suna auna bambancin zafin bututun shiga da na fita, su nemi wajen digiri 12. Ni ma'aunin kicin na ɗaure da salatif a jikin bututu, sauran kuma hannu. Wahalar ita ce jira: duk ɗan juyin da ka yi sai ka ba shi minti goma ko fiye kafin ka ga sakamakonsa, kuma gyara ɗaya yana taɓa sauran. Na matse na banɗaki fiye da kima ya mutu, na sake buɗewa. Sai bayan isha'i na gamsu. Ƙarfe goma na dare ma'aunin ɗakin maijego ya nuna 18, suka koma ɗakinsu. Hajiya ta cire rigar sanyi ɗaya ta ninke, ta ce, "Malam, Allah ya yi albarka, ya jiƙan mahaifa."

Asubahin Litinin boila ta sake tsayawa, tana wata ƙara kamar mai kurkurar baki. Allura na nan a wurinta. Baba ya riga ya gargaɗe ni da wannan: boilar zamani tana fitar da ɗan ruwa ta wani farin bututun roba da ke bi ta bayan gida zuwa kwata, in sanyi ya tsananta sai ya daskare ya toshe. Na fita da tocila na tarar da ƙanƙara ta cika bakinsa. Na zuba masa ruwan ɗumi buta uku, ba tafasasshe ba don kar robar ta tsage, har wani dogon sandan ƙanƙara ya zamo ya faɗo. Na sake tayar da ita ta kama kafin in yi salla.

Ranar Alhamis mai gyara ya zo. Na nemi ganin katinsa na Gas Safe, ya miƙo ba tare da ɓata rai ba, har ya juya min bayansa inda aka jera ayyukan da aka ba shi izini. Saura na falo. Ya shafa ƙasansa ya gyaɗa kai. Ya rufe bawul ɗinsa biyu, ya tsiyaye ruwan a faranti, muka ɗauke shi mu biyu zuwa bayan gida, ya zura masa tiyo. Abin da ya fito baƙi wuluk ne, mai kauri kamar tsohon baƙin man inji. Ya tsoma mayen ƙarfe a ciki ya ɗago, ga lakar ta manne masa kamar gashi. Ya ce tsatsar cikin ƙarafan ce da kansu, ruwa na cin ƙarfe a hankali, garin ya kwanta inda ruwa ba ya gudu sosai. Cin ƙarfen nan kuma yana haifar da wata iska mai kama wuta, sau da yawa ita ce ke taruwa a sama mutum ya ɗauka iskar waje ce. Saboda haka kar a kusanto da ashana in ana buɗe notin, kuma lagireton da kullum sai an fitar masa da iska alama ce cikinsa na ruɓewa ko wani wuri na yoyo.

Ya mayar da shi, ya zuba maganin hana tsatsa a ruwan, ya gyara matsin, ya naɗe farin bututun waje da soso. Ya ga takardar lissafina a kan tebur ya karanta, ya ƙara wa na koridor ɗan juyi, sauran ya bar su. Ya rage zafin ruwan da boila ke fitarwa daga 75 zuwa 65, ya ce irin waɗannan boilolin da doka ta wajabta tun 2005 sun fi tsimin gas in ruwan da ke dawo musu bai kai digiri 55 ba. Ya ce da bazara in bar kowane farin kai a kan 5 don ƙusa ta huta, in kuma daina barin labule ya rufe shi. Da ya ga kayan jariri a shanye a kan na banɗaki, ya ce hakan na tare zafi yana kuma cika gida da laima. Na ce masa gidan da ke da ɗan sati uku a Disamba ba shi da wurin shanya. Ya ce to a shanya a ɗaki ɗaya, a rufe ƙofa, a ɗan buɗe taga. Tabon kusurwar nan na goge shi da maganin fumfuna, bai dawo ba.

A rahotonsa ya rubuta cewa bututun gidan gaba ɗaya na bukatar wanki da inji, a kuma ɗaura matata mai mayen ƙarfe kusa da boila don ta riƙa kama lakar kafin ta kwanta. Mai gidan ya biya kuɗin aikin ranar, maganar wanki da matata kuwa ya ce sai ya duba. Na kai wa Baba makullinsa da kwanon dambun nama cikin wanda Hajiya ta zo da shi, ya karɓi dambun, ya ce makullin in riƙe, yana da wani. Na ɗaura masa zare na rataye a bayan ƙofar kicin. Hajiya ta gama yi wa maijego wankan arba'in a farkon Janairu a ɗaki mai ɗumi. Na falo ya gyaru sosai, amma har yanzu in na shafa ƙasansa akwai wani wuri kamar faɗin tafin hannu da zafi ba ya kaiwa, kuma wasiƙa ta uku kenan na aika kan maganar matatar.